Yashe Kogin Haɗejiya: wa zai auna aikin, wa kuma zai biya mai awon?

Tun ranar 11 ga Yuli, 2024, lokacin da Kotun Ƙoli ta Najeriya ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu na asusun tarayya kai tsaye, ba tare da ya bi ta hannun gwamnatocin jihohi ba, ake ta muhawara a kan irin ayyukan da za su iya ɗauka da kansu. Aiwatar da hukuncin ya yi ta tafiyar hawainiya, amma tambayoyin da ya tayar suna nan daram. A ƙasashen Haɗejiya da Nguru da Bade, inda abincin jama'a ya rataya a kan kogi, ɗaya daga cikin tambayoyin ita ce ko ƙaramar hukuma tana da hurumin ba da kwangilar sa ido a kan aikin yashe kogi da cire kachala, wato doguwar ciyawar ruwan da ke toshe hanyar kogi, kuma idan tana da shi, ta wace hanya za ta yi hakan har kuɗin jama'a su yi amfani. Batun ya rikita mutane da dama, domin sun saba jin kwangilar hanya da ta rijiyar burtsatse da ta ajin makaranta, waɗanda ido yake gani, alhali kwangilar sa ido abin da take haifarwa alƙaluma ne da rahoto.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Yashe kogi shi ne kwashe laka da yashi da ciyawa daga hanyar ruwa domin ta buɗe. Farfaɗo da kogi ya fi haka faɗi, domin manufarsa ita ce kogin ya koma yin ayyukan da yake yi wa ƙasa da jama'a a da: ya malala cikin fadama a kan lokaci, ya janye a kan lokaci, ya cika ruwan ƙarƙashin ƙasa da rijiyoyi suke sha, ya ba kifi wurin hayayyafa, ya kuma isa ga waɗanda suke can ƙasa. Yashewa ɗaya ce daga cikin hanyoyin kaiwa ga hakan, tare da gina jinga a inda ruwa yake ɓalle wa gari, da sake tsarin sakin ruwa daga madatsu, da hana zuba dagwalon masana'antu.

Duba aiki da sa ido a kan muhalli su ma abubuwa biyu ne. Injiniyan da ke duba aiki yana tabbatar da cewa ɗan kwangila ya yashe tsawon da aka yi yarjejeniya a kansa, zuwa zurfin da aka rubuta, kafin a sa hannu a biya shi. Mai sa ido a kan muhalli kuwa tambayarsa daban ce: bayan an yashe, ruwan ya gudana zuwa inda aka nufa? Ingancinsa ya ƙaru ko ya ragu? Ina aka zuba lakar da aka kwaso, kuma gonar wa ta rufe? Kachalar ta dawo bayan damina ɗaya ko ba ta dawo ba? Ana iya samun aikin da injiniya ya yaba masa bisa gaskiya, amma awon muhalli ya nuna cewa ruwan da aka buɗe wa hanya ya je ya cinye shinkafar wani ƙauye a gaba.

Yadda kogin ya shiga wannan hali

Kogin Haɗejiya ya samo asali ne daga haɗuwar Kogin Kano da Kogin Challawa a kusa da Tamburawa. Daga nan ya bi ta Wudil da Ringim ya shiga ƙasar Haɗejiya, inda ƙasa take shimfiɗe har ruwa ya rasa gangare, sai ya rarrabu gida-gida: akwai reshen Kafin Hausa, akwai hanyar Marma mai zuwa tafkin Nguru, akwai Burum Gana, akwai kuma tsohuwar hanyar kogin. Kogin Jama'are, wanda ya taso daga tsaunukan Jos ya ratsa Bauchi ta ƙasar Katagum, yana haɗuwa da ragowar ruwan Haɗejiya kafin Gashuwa, su zama Kogin Yobe, wanda ya zama iyaka tsakanin Najeriya da yankin Diffa na Jamhuriyar Nijar kafin ya faɗa Tafkin Chadi.

A shekarar 1974 aka kammala madatsar Tiga a kan Kogin Kano, mai ɗaukar kusan mita kubik biliyan 2 na ruwa a lokacin da aka gina ta, sannan a 1992 aka kammala madatsar Challawa a ƙasar Ƙaraye, mai ɗaukar kusan biliyan 1. Waɗannan madatsu biyu suna riƙe da kimanin kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shiga Kogin Haɗejiya. Amfaninsu ba ɓoyayye ba ne: da su birnin Kano yake shan ruwa, da su ake noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, da su kuma aikin noman rani na kwarin Haɗejiya a Auyo yake tafiya. Sai dai sun sauya ɗabi'ar kogin. A da, ruwa yakan zo da ƙarfi a watannin Agusta da Satumba ya share hanyarsa ya malala cikin fadama, sannan da rani hanyoyin su bushe ƙurmus. Bayan madatsun, ƙarfin ruwan damina ya ragu, ruwan rani kuma ya daina yankewa, domin ana sakinsa a kai a kai saboda famfon birni da gonakin rani.

Ruwa mara zurfi, mara gudu, wanda ba ya ƙafewa, shi ne abin da kachala take so. Bushewar rani da ke kashe ta ta kau, sai ta bazu, saiwoyinta suka riƙa tare laka, lakar ta ƙara toshe hanya, toshewar ta ƙara rage gudun ruwa, kachalar ta ƙara samun wuri. Tsohuwar hanyar kogin da Burum Gana suka cushe, mafi yawan ruwan ya karkata zuwa Marma, har ya zama gonaki a yankin Guri da Nguru suna kwana cikin ruwa shekara da shekaru, yayin da na ƙasa suke jiran ruwan da ba ya isowa. Binciken masana ya nuna cewa fadamar da ruwa yake malalewa, wadda takan kai hekta 250,000 zuwa 300,000 a shekarun 1960 da farkon 1970, ta koma kimanin hekta 100,000 ko ƙasa da haka a shekarun da suka biyo baya. Kachalar ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan baki masu cinye hatsi, ruwan da ke kwance ya zama gidan sauro da dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya.

An sha yunƙurin gyara. An fara shirin kare fadamun Haɗejiya da Nguru a 1987. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da hanyar Marma cikin jerin fadamu masu muhimmanci ga duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, fadamar Baturiya ta Kiri Kasamma ta biyo baya a 2008. A 2006 jihohi shida da kogunan suka shafa, wato Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe da Borno da Filato, suka haɗu a Damaturu suka kafa asusun amana na kula da kwarin. Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING a 2014 da kusan dala miliyan 495 domin gyaran madatsu da ayyukan noman rani, ciki har da na Kano da Haɗejiya, sannan ya amince da shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta lalace a 2021 da dala miliyan 700 ga jihohin Arewa 19 da Abuja. Gwamnatin Jigawa ta sayi injinan haƙa masu tafiya a kan ruwa domin yashe kogin, su kuma mutanen ƙauyuka sun daɗe suna fita aikin gayya da lauje da adda suna sare kachala. Duk da haka ambaliya ta yi mummunar ɓarna a Jigawa a 2020 da 2022. Abin da ya fi wuya a samu a duk wannan tarihi shi ne awo mai ɗorewa, wanda aka yi a wuri ɗaya da hanya ɗaya shekara bayan shekara, da zai nuna wane gyara ne ya yi aiki, wane ne ruwa ya shafe.

Hurumin wa?

Tsarin mulki na 1999 ya sa ruwan da ya shafi fiye da jiha ɗaya cikin jerin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai take yi wa doka, dokar albarkatun ruwa ta 1993 ma ta damƙa ikon irin waɗannan koguna a hannun tarayya. Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda aka kafa a 1976 take da hedikwata a Kano, ita ce ke buɗe ƙofofin Tiga da Challawa. Hukumar NIHSA ita ce ke da alhakin awon ruwan koguna da fitar da hasashen ambaliya duk shekara. Dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta wajabta a yi nazari kafin fara manyan ayyuka, Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce ke amincewa da nazarin, hukumar NESREA da aka kafa a 2007 kuma ita ce ke tilasta bin ƙa'idojin gurɓacewa. Jihohi suna da nasu ma'aikatun muhalli da na ruwa.

Ke nan ƙaramar hukuma ba ta da ikon umartar a saki ruwa ko a riƙe shi, ba ta kuma da ikon rufe masana'antar da ke wata jiha. Amma ba a bar ta hannu rabbana ba. Jadawali na huɗu na tsarin mulki ya ba ta aikin tsaftar gari da kwashe shara da kula da magudanan ruwa, ya kuma ce ta shiga cikin raya aikin gona da albarkatun ƙasa, ban da ma'adinai. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ta ikon ba da shaidar mallaka ta gargajiya a filayen karkara, abin da ya sa rabon fadama da kare burtali suka shafe ta kai tsaye. Tana da ma'aikatan duba-gari da malaman gona. Babu dokar da ta hana ta ɗaukar ƙwararre ya auna abin da ke faruwa da ruwan da mutanenta suke sha, suke noma da shi, suke kamun kifi a cikinsa. Iyakarta ita ce, sakamakon awon hujja ce da za ta kai gaban masu iko, ba ita za ta zartar da hukunci a kansa ba.

Ta fuskar kwangila, dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 tana aiki ne a kan hukumomin tarayya da kuma ayyukan da aƙalla kashi 35 cikin 100 na kuɗinsu ya fito daga kason tarayya. Kwangilolin ƙananan hukumomi suna bin dokokin jihohinsu, domin sashe na 7 na tsarin mulki ya bar wa majalisun jihohi tsara yadda ƙananan hukumomi za su gudana, kuma hukuncin 2024 bai soke wannan sashe ba. A Jigawa akwai hukumar tantance kwangiloli da bin diddigin ayyuka, kowace jiha kuma tana da babban mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi. Idan kuɗin aikin na Bankin Duniya ne, ƙa'idojinsa na zaɓen ƙwararru da na kare muhalli su ne ke gaba.

Abin da ya kamata takardar kwangila ta faɗa

A nan ne ake cin riba ko a yi asara, tun kafin kowa ya taka bakin kogi. Abu na farko shi ne awon tushe, wato bayanin yadda kogin yake kafin injin ya shiga. Idan aka fara yashewa a watan Janairu aka ɗauki mai sa ido a watan Yuni, babu abin da zai kwatanta sakamakonsa da shi, rahotonsa zai zama bayanin abin da ya tarar kawai. Awon tushe mai kyau yana buƙatar aƙalla damina ɗaya da rani ɗaya, domin kogin Agusta da kogin Afrilu ba su da kama. Wannan yana nufin kwangilar sa ido ta riga kwangilar yashewa, wanda kuma akasin yadda aka saba ne.

Na biyu, a rubuta abin da za a auna da inda za a auna shi da kuma sau nawa. Tsayin ruwa ana karanta shi a jikin sanda mai lamba da aka kafa a gaɓa, kuma duk wanda ya iya karanta lamba zai iya rubuta shi safe da yamma. Yawan ruwan da ke wucewa, wanda ake lissafawa da mita kubik a daƙiƙa, yana buƙatar na'ura da gwani, kuma shi ne awon da ya fi kowane muhimmanci a mararrabar da kogi ya rabu, domin shi zai nuna kason da ya bi Marma da kason da ya bi tsohuwar hanya. Ingancin ruwa ya haɗa da gurɓinsa, da gishirinsa, da tsaminsa, da yawan iskar shaƙa da ke narke a cikinsa, wadda idan ta yi ƙasa da kimanin miligiram 5 a lita yawancin kifi sukan fara wahala. Akwai kuma sinadarai masu guba. Masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa a Kano suna amfani da kuromiyam, dagwalonsu kuma yana bin ruwan da ƙarshensa Kogin Haɗejiya ne. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ga ruwan sha ita ce kada wannan sinadari ya wuce miligiram 0.05 a lita. Da yake irin waɗannan ƙarafa sukan kwanta a cikin laka, yashewa tana iya tayar da abin da ya daɗe a kwance, saboda haka gwajin lakar kanta kafin a jibge ta a gefen gona ya cancanci a rubuta shi ɓaro-ɓaro a kwangila.

Faɗin filin da kachala ta rufe da faɗin fadamar da ruwa ya malale ana iya bin su ta hotunan tauraron ɗan'adam. Hotunan Sentinel-2 kyauta ne, suna zuwa kusan duk kwana biyar, suna kuma bambance fili mai faɗin mita 10. Hotunan Landsat sun koma har 1972, wato kafin a kammala Tiga. Duk mai neman kwangilar da ya sa kuɗin sayen waɗannan hotuna cikin lissafinsa ya kamata a tambaye shi dalili. Abin da ake biya shi ne ƙwarewar fassara su da kuma shiga kwale-kwale a tabbatar cewa abin da hoto ya nuna kore kachala ce, ba shinkafa ba.

Na uku shi ne tafiyar samfur. Ruwan da aka ɗiba domin gwajin ƙwayoyin cuta ana son ya isa ɗakin gwaji cikin sa'o'i kaɗan, a cikin ƙanƙara, kada kuma ya haura kwana ɗaya. Daga Guri ko Birniwa zuwa Kano cikin damina wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne. Kwangila mai kyau takan ambaci sunan ɗakin gwajin da shaidar ingancinsa, ta buƙaci takardar da ke nuna wanda ya ɗiba da lokacin da ya ɗiba da wanda ya karɓa, ta kuma tanadi a riƙa raba wasu samfuran biyu a aika ɗakunan gwaji daban-daban domin a gwada amsoshinsu. Idan babu wannan, abu ne mai sauƙi a zauna a ofis a cika jadawali da lambobi masu kama da gaskiya, kuma babu akantan da zai gane.

Na huɗu shi ne tsawon lokaci da tsarin biya. Kachala tana tsirowa daga saiwa da kuma iri mai bin iska, saboda haka sakamakon cire ta ba ya bayyana sai bayan damina biyu ko uku. Kasafin kuɗi kuwa na shekara ɗaya ne, wa'adin shugabannin ƙananan hukumomi kuma a jihohi da dama shekara biyu ne ko uku. Kwangilar da ta ƙare ranar da aka yi bikin buɗe aiki ta ƙare ne a lokacin da kogi ya fi kowane lokaci kyan gani. Haka nan, idan aka ba da kuɗin kafin alƙalami mai yawa aka ajiye sauran sai an kawo rahoton ƙarshe, ana ƙarfafa rubutu fiye da fita daji. Hanyar da ta fi ita ce a ɗaure kowane biya da miƙa ɗanyen alƙaluman wata uku-uku, a kuma rubuta cewa alƙaluman mallakar jama'a ne, ba na ɗan kwangila ba.

Zaɓen mai awo

A sayen siminti ko kujeru, mai farashi mafi sauƙi da ya cika sharaɗi shi ke cin kwangila. A aikin ƙwararru wannan ma'auni yana da haɗari, domin hanya mafi sauƙi ta rage farashi ita ce rage yawan fita da yawan gwaji, kuma araha ba ta ado. Shi ya sa a tsarin da manyan masu ba da rance suke bi ake karɓar ambulan biyu, a fara buɗe na ƙwarewa a ba shi maki, sai waɗanda suka haye ne ake buɗe ambulan farashinsu, sannan a haɗa makin biyu, ƙwarewa ta ɗauki kaso mafi tsoka. Matsalar ita ce kwamitin ba da kwangila na ƙaramar hukuma da wuya a samu masanin ruwa a cikinsa, sai dai a gayyato daga ma'aikatar jiha ko jami'a.

Abu mafi nauyi shi ne 'yancin mai awon. Idan kamfanin da ya yashe kogin shi ne ya ɗauko mai sa ido yake biyansa, an ba kura ajiyar nama. Idan kuma hukumar da ta ba da aikin yashewa ita ce ke biyan mai awo, tana da ikon riƙe masa kuɗi idan rahoton bai yi mata daɗi ba. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ta masu son ƙaramar hukuma ta shiga: a mafi yawan lokuta ba ita ce ta ba da babban aikin ba, saboda haka ba ta da abin ɓoyewa a kansa. Sai dai hujjar tana raunana a inda shugaban ƙaramar hukuma yake ganin kujerarsa a hannun gwamna take, tunda hukumomin zaɓe na jihohi ne ke shirya zaɓen ƙananan hukumomi.

Inda ra'ayoyi suka rabu

Masu goyon baya suna cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sarkin ruwa ya san inda tarwaɗa da karfasa suka daina zuwa, bulama da dagaci sun san gonar da ruwa ya fara ci, kuma ƙaramar hukuma ce take kusa da su. Suna ƙarawa da cewa ƙananan hukumomi suna da kashi 20.6 cikin 100 na asusun tarayya, kuɗin kafa sandunan awo da biyan masu karanta su kuwa bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da kuɗin kayan agaji bayan ambaliya ɗaya.

Masu adawa suna da hujjar da ba a iya turewa da sauƙi: kogi bai san iyakar ƙaramar hukuma ba. Daga Ringim zuwa Gashuwa ruwan yana ratsa ƙananan hukumomi fiye da goma a jihohi biyu. Idan Auyo ta ɗauki kamfani ɗaya, Kiri Kasamma ta ɗauki wani, Nguru ta ɗauki na uku, kowa da na'urarsa da ranar ɗibarsa da ɗakin gwajinsa, alƙaluman ba za su haɗu su ba da labari ɗaya ba. Mafi muni, kowace za ta auna nasara da abin da ya shafe ta, alhali nasarar ta sama, wato ruwa ya wuce da sauri, tana iya zama ambaliyar ta ƙasa. Tsohuwar taƙaddamar madatsar Kafin Zaki a kan Kogin Jama'are, wadda Bauchi take so, Yobe da Borno suke tsoro, misali ce ta yadda sama da ƙasa suke kallon ruwa ɗaya da ido biyu. Masu adawar suna ganin aikin na NIHSA da hukumar raya kogunan ne, a ba su kuɗi su yi. Wasu kuma suna tsoron kada sa ido ya zama sabuwar ƙofar fitar da kuɗi, tunda aiki ne da ba ya barin gini a ƙasa da za a je a nuna.

Akwai ra'ayi na tsakiya da ke cewa a raba aikin gwargwadon ƙarfin kowa. Hukumar tarayya ko asusun amanar kwarin su tsara hanyar awo guda ɗaya da wuraren awo ga kogin baki ɗaya. Ƙananan hukumomin da ke gaɓa su haɗa kuɗi su ba da kwangila ɗaya, ko su ƙulla yarjejeniya da makarantun da ke yankin, irin su Jami'ar Bayero da Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa da Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, waɗanda ba sa tashi idan wa'adin siyasa ya ƙare. Karatun sanda na kullum da rubuta kamun kifi a bar wa mutanen gari da aka horar ake ba su ɗan alawus. Bisa ma'aunin kuɗi da ɗorewa wannan ya fi sauran ƙarfi, ko da yake shi ma yana da nasa rauni: jami'o'i suna shiga yajin aiki, na'urorinsu suna lalacewa, haɗa shugabanni goma daga jihohi biyu a kan asusu ɗaya kuma ba a cika ganin ya ɗore ba.

Abin da zai isa ga talaka

Ga manomin shinkafa a fadama, amfanin farko shi ne gargaɗi. Ruwan da ya wuce Wudil yana ɗaukar kwanaki kafin ya isa Haɗejiya, ya ƙara wasu kafin ya isa Guri da Nguru. Idan ana karanta sanda a sama ana sanar da na ƙasa ta rediyo da wayar hannu, kwanakin nan sun isa a ƙarfafa jinga, a kwashe hatsi daga rumbu, a kaɗa dabbobi zuwa tudu. Amfani na biyu hujja ce. Wanda aka jibge wa laka a gona, ko wanda ruwa ya ci amfaninsa bayan an buɗe wata hanya a sama, yana da abin nunawa idan akwai awon kafin aiki da na bayansa, maimakon maganarsa kawai a gaban maganar injiniya.

Ga masunci, buɗe hanya yana dawo da wurin jefa taru da hanyar kwale-kwale zuwa kasuwa, amma yashewar da aka yi a lokacin da kifi yake hayayyafa, ko wadda ta zurfafa hanya har ruwa ya daina hawa fadama, tana iya rage kamu. Rubuta abin da ake saukewa a bakin ruwa mako-mako shi ne zai bambance. Ga makiyayi kuwa akwai abin lura: duk filin da aka ƙwato daga kachala sabuwar ƙasa ce mai albarka, kuma manomi da makiyayi da mai kuɗin birni duk za su sa mata ido. Taswirar da mai sa ido ya zana tana iya taimakawa a kare burtali da mashaya, tana kuma iya zama jagora ga masu neman mallake fadama idan su kaɗai suka gan ta.

Saboda haka wanda ke ganin sakamakon yana da muhimmanci daidai da wanda ya auna. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman takardun hukuma, amma manomin Kiri Kasamma ba zai rubuta wasiƙa ya jira amsa ba. Kwangilar tana iya wajabta a fassara taƙaitaccen sakamako zuwa Hausa, da Kanuri ko Bade ko Fulfulde inda ake buƙata, a liƙa a sakatariya da ƙofar hakimi duk bayan wata uku, a kuma karanta shi a zaman majalisar kansiloli inda za a rubuta shi cikin bayanan taro. Kuɗin da za a kashe a wannan aiki daga aljihu ɗaya zai fito da na gyaran asibitin karkara da albashin malaman firamare, saboda haka kansilan da aka kawo wa takardar neman amincewa yana da damar tambayar ranar da awon tushe zai fara, da sunan ɗakin gwaji, da damina nawa kwangilar za ta ɗauka, da kuma ko ƙaramar hukumar da ke ƙasa da su ta ga takardar.